Ajin da Awaki Suka Cinye

Madam Shafa'atu ta kasa zama wuri ɗaya a tashar Dakoro. Yau ce ranar shari'arta da gwamnati a Maraɗi. Ta daɗe tana koyarwa a wani ƙauye na yankin Rumbu a matsayin 'yar kwantiragi. Da aka zo ba abokan aikinta matirkil, lambar da ke mai da mutum cikakken ma'aikacin gwamnati, sai aka tsallake ta, aka kuma tsayar da albashinta. Wai ta gudu daga aiki.

Wani sabon sufeto ne, ɗan birni, ya je ƙauyen farkon shekarar karatu, ya tarar da wurin ajin fili fetal da dirkoki a tsaye. Bai tambayi kowa ba, ya juya motarsa. A lokacin kuwa tana can gindin gawo, bayan gidan mai gari, tana fama da yara.

Mai gari Sallau, shaidarta, ya iso tashar da naɗaɗɗen zana a kafaɗa, ya ce lallai a ɗaura masa shi saman mota.

"Baba, wanga hwa?" in ji Shafa'atu.

"Ke dai bari, ɗiyata. Shi ma yana da magana."

A kotu, alƙali ya dubi tsohon. "Ina ajin yake ranar da sufeto ya zo?"

"Ranka shi daɗe, awaki sun canye shi."

Dariya ta ɓarke, har da lauyan gwamnati. Sallau ko gezau. Ya warware zanan a tsakiyar kotu, ga shi rabi a gaigaye. Ya ce ragowar ajin ke nan, don ajin lakwal ɗinsu, wato makarantar ƙauyen, na kara ne. Damina ta ruɓar da shi, awaki su ƙarasa, sabo kuma sai an girbe hatsi an samu kara. "Haka munka saba duk shekara. Ita kau ba ta taɓa jiran aji ba."

Alƙali ya daɗe yana kallon zanan, sannan ya ɗage zama.

Kaka ta sake zagayowa kafin lauyanta ya kira ta a waya: kotu ta ce a ba ta matirkil, a kuma biya ta duk abin da aka riƙe. Shafa'atu ta manta da girmanta na madam, ta ruga cikin gonaki takalmi a hannu, tana dariya tana kuka. Mata suka ajiye damman hatsi suka rangaɗa guɗa.

Ta sami Sallau yana yankan kara. Ya yi mata barka, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Na yi murna, Allah ya gani," ya ce. "Sai dai duk wanda ya samu lambar ga, birni yake tahiya. Na sani tun randa na ɗauki zanan."

Ashe da saninsa ya je ya yi mata shaida. Ta mai da takalmanta, ta sunkuya ta tattara karan da ya yanka.

"Baba, bana a ƙara ma ajin hwaɗi. Bara 'yan baya a rana sunka zauna."