Shafukan Baba

Aikinta shi ne aika burauza marar fuska cikin intanet. Burauza ce kamar kowace, sai dai ba ta buɗe taga a allo. Ka rubuta mata jerin umarni, ta shiga shafi, ta kwaso abin da ka ce, ta ajiye, kai ko ƙyallinta ba ka gani ba. Shekara shida ke nan tana kwaso wa kamfaninsu bayanan kayan shaguna, a teburin ƙarshe kusa da firinta, inda ba mai zuwa sai in takarda ta maƙale. 'Yar Sauri ake ce mata, kuma mahaifinta ne ya laƙa mata sunan tun tana rarrafe.

Shi Baba mai gyaran tsofaffin rediyo ne. Da ido ya fara gajiya, sai ya koma wani dandalin masu sana'ar a intanet, yana amsa tambayoyin mutanen da bai taɓa gani ba, da yatsa ɗaya, kullum bayan ya rufe shago. Wata bakwai da rasuwarsa aka sanar za a rufe dandalin ranar Asabar da sha biyun rana. Amsoshinsa dubu biyu da ɗari uku za su tafi da shi.

A minti ashirin ta rubuta umarnin kwaso su, ta saki burauzar tun ranar Talata. Gaskiya ba don ƙwarewa kaɗai ta zaɓi marar fuska ba. Ba ta son ganin rubutunsa. Tana tsoron ta ga yadda yake manta saka aya, kuka ya ƙwace mata a gaban mutane. Da aikin ya ƙare ta ƙirga fayiloli, dubu biyu da ɗari uku cif, ta rufe kwamfuta tana yaba wa kanta.

Safiyar Asabar Gwaggo ta kira ta.

"'Yar nan, kin ce kin kwashe maganganun ɗan'uwana. Karanto min ko ɗaya mana, in ji bakinsa."

"Gwaggo, sai na je ofis tukuna, a can suke."

"To ki je. Ina nan, ba inda za ni."

Ofis ba kowa, sai mai shara a can ƙasa tana jan bokiti. Ƙarfe tara ta buɗe fayil na farko. Sunan dandalin ne a sama, a tsakiya kuma kalma biyu: ana lodawa. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na ɗari tara, duk kanwar ja ce. Tsohon dandali ne mai nauyin jiki, sai ya yi daƙiƙa ashirin kafin rubutu ya fito. Ita kuwa ba ta gaya wa burauzar ta jira ba. Tana shiga take ɗaukar abin da ta tarar, ta wuce. Kuskuren da ko sabon shiga ba ya yi in ya leƙa fayil ɗaya, ita ko ɗayan ba ta leƙa ba.

Sauri ya haifi nawa, in ji Baba, sau nawa ya faɗa mata. To kun san hali zanen dutse. Maimakon ta nutsu, sai ta saki burauza goma a lokaci guda. Dandalin ya ɗauke ta ɓarauniya, ya toshe ta na minti sha biyar. Ta zauna tana kallon agogon bango, ba wanda za ta juya ta ce wa duba abin da na yi. Kaɗaici ya taɓa kama ta a ofishin nan, amma bai taɓa kai na yau ba.

Da aka buɗe mata ta yi lissafi. Ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa ashirin-ashirin, ba za ta samu ɗari biyar ba. Ta sa a faro daga na ƙarshe a yi baya. Sannan ta goge layin da ke ɓoye tagar, don wannan karon sai ta gani da idonta.

Taga ta buɗe. Fari, fari, sai rubutu ya sauko, ba aya ko ɗaya. Wani ne ya yi kukan rediyonsa ba ta magana in ya kunna, Baba ya amsa masa: "Ɗana ba ta mutu ba irin wannan sai fitilunta sun ɗau zafi ka kunna ka ja kujera ka zauna ina da 'ya ita ma haka take kashe min su tun ba su yi magana ba amma ta ce Asabar ɗin nan za ta zo ta daɗe."

Ta tuna Asabar ɗin. Minti goma ta yi, a tsaye, jaka a kafaɗa.

Ta kira Gwaggo, ta ajiye wayar a kan tebur, tana karanto mata kowane shafi in ya fito. Tsakanin shafi da shafi su biyun su jira. A na ɗari huɗu da tamanin da bakwai agogo ya cika sha biyu, taga ta yi fari.

"Ya ƙare ne?" in ji Gwaggo.

"Bari mu ɗan jira, Gwaggo," ta ce, ta gyara kujera.