Muryar Malam Gwadabe

Malam Gwadabe yana ɗaukar darasin lissafi a kaset, yana sayar wa ɗalibai a Dutse. Da ciwo zai kai shi asibiti a Kano, ya ba ƙanensa Abdurrahim wakilcin sana'ar a gaban lauya. Ya dawo ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Abdurrahim kuwa tuni ya sayar wa wani ɗan kasuwa darussan kakaf.

Rakiya, matar Malam, ta kai ƙara. Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, hannun wakili hannun mai abu ne."

A hanyar gida suka ji muryarsa tana tashi daga wani shago. Malam ya tsaya yana sauraro har Rakiya ta ja hannunsa.