Gurbin Ƙarshe a Bargon Kaka

A gidanmu na unguwar Nima ba a shanya kaya a ƙofar ɗakin Kaka Mariatu. Almakashinta ake tsoro.

Bargon faci take ɗinkawa, wanda uwarta ta fara. Uwar tata mai wankan gawa ce. In ta wanke mace, dangi su ba ta zanin mamaciyar. Ba mai saye, ba mai ɗaurawa, sai ta riƙa yankar ƙyalle daga kowanne tana haɗawa, ta kewaye shi da baƙin zare. Doka ɗaya ce: kayan mai rai ba ya shiga.

Bara Kaka ta zare rigar Kawu Gafaru daga igiya ta yanka, shi yana zaune yana cin tuwon dokunu. Aka ce tsufa ne. Ba a daɗe ba motar haya, trotro, ta buge shi a mahaɗar Malam. Yanzu gurbi ɗaya ya rage a kusurwar bargon, kowa a ɗaki yake shanya, duk gidan muna warin danshi.

Sai ga Zuhura, 'yar goggona, wadda ta leƙa makarantar ɗinki ta dawo Hausa na mata nauyi a baki. Ta zo da fitila mai zobe da waya a kan sanda, za ta ɗauki bidiyon bargon. Ni karatuna a takardar naɗe ƙosai na ƙarasa shi, don haka riƙon fitila aka ba ni.

"Wannan zane," ta ce wa wayar, "kakanninmu fatake suka kawo daga garin Salaga. Baƙin zaren nan hanyar goro ce."

"Hanyar maƙabarta ce," na ce.

"Suweiba, don Allah, kina ɓata min sauti."

Ta cire ɗankwalinta, sabon leshi, ta durƙusa ta gefen da fuskarta ta fi kyau. "Kaka, cike gurbin da nawa, in shiga tarihi."

"Za ki shiga," na ce. "Kawu ma ya shiga."

Ta yi dariya. Zuhura tana ba ni haushi tun muna yara, amma ban shirya dafa shinkafar sadakarta ba. Na ajiye fitila na cafko ɗankwalin. Kaka ta riga ta kama ɗaya bakin. Hannunta ƙashi ne zalla, amma na ja, ko gezau.

"Saki," ta ce.

Na saki. Ta shafa leshin, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta juyo ta bi zanin jikina da kallo, daga ƙugu har ƙafa.

"Wannan bai nuna ba," ta ce, ta jefa wa Zuhura ɗankwalinta.

Ta ɗaga almakashi. Sai ta jawo bakin zanin jikinta, shuɗin nan da take zuwa masallaci da shi, ta yanke ƙyalle daidai gurbin, ba awo.

"Kai, Kaka, wannan ya ma fi! Sake yi, ban ɗauka ba," in ji Zuhura.

Kaka ta miƙo min allura da baƙin zare. "Idona ba ya ganin kafar. Zauna. Ke za ki ɗinka."

"Gobe, Kaka."

"Yau."

Na zauna. Na yi ta kuskure kafar allurar da gangan, ita kuma tana jira, ba ta gaggawa.