Tukunyar da Ta Ƙi Ɓata

Tun ranar da Joris ya sauka Osaka bakinsa bai rufu ba. Ɗan Beljiyam ne, dogo kamar falwaya, ya zo neman auren ƙanwata Chizuru, wadda ya haɗu da ita can ƙasarsu lokacin da ta je koyon gashin burodi. Da yake ita tana wurin aiki da rana, ni yayarta aka ɗora wa jan shi yawo, kamar ba ni da shagon awara da zan tsare.

Komai abin mamaki ne a wurinsa. Ya shiga banɗaki ya fito yana haki.

"Yaya Tomoe, masan nan kiɗa ya yi mini! Kuma mazauninsa da ɗumi!"

"To ka taka rawa?"

A jirgin ƙasa wani ma'aikaci ya yi barci a kafaɗarsa, shi kuwa ya sandare, ya ƙi ko tari don kada ya tashe shi, har muka wuce tasharmu. Ya ga wani yana waya yana rusunawa, ya tsaya yana waige-waige yana neman wanda ake rusuna wa. Ƙofar tasi ta buɗe da kanta ta buge shi a gwiwa, ya ba ta haƙuri. Ni dai dariya har cikina ya ƙulle.

Abu guda ne ba na dariya ba: Inna. Mahaifiyarmu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ko sunansa ba ta kira, sai dai "baƙo". Ta ce ranar Lahadi za ta yi magana, kuma Chizuru ta riga ta gaya masa cewa in Inna ta ƙi, ita ba ta zuwa ko'ina.

To akwai wata tukunya a gidanmu. Dusar shinkafa ce da gishiri a ciki, ana binne kokwamba da yalo su yi tsami. Inna ta gaje ta daga uwar mijinta, kuma tun da ta shigo gidan nan amarya, kullum da sassafe sai ta zura hannu har ƙasa ta juya dusar, in ba haka ba ta lalace. Warinta kuwa, in ba ka saba ba, sai ya tayar maka da zuciya. Mun tashi da yaƙinin cewa Inna ta fi son tukunyar nan a kanmu.

Ranar da aka fara ba Joris abinci a gida, ya kai yankan kokwambar baki, idonsa ya kawo ruwa. Chizuru ta mintsine shi ta ƙarƙashin tebur.

"Inna," in ji shi da gurgun Japanancinsa, "tun da uwata ta haife ni ban ci abu mai daɗin wannan ba."

Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Ina! Sai ya nemi ƙari. Ya ce da ma a ce yana da irinta a ƙasarsu, da kullum sai ya ci.

Inna ta dube shi. Ta tashi ta shiga kicin, ta fito da tukunyar gaba ɗaya, ta ɗaure ta a shuɗin ƙyallen nan mai sunan gidanmu, Kuroiwa, ta dire masa a cinya.

"Tunda baƙo yana so, ga ta nan. Kullum da safe a juya. Da hannu fa, ba cokali ba."

Cokalin hannuna ya faɗi. Chizuru kuwa har da hawayen murna, wai alama ce Inna ta yarda da shi.

Ba a jima ba sai ga shi a shagona, ido ya faɗa, yana shinshinar yatsunsa.

"Yaya, ki cece ni. Ɗakin masaukina kamar akwati yake, ni da tukunyar nan ba ma iya numfashi tare. Mai gidan ya zo yana ta rusunawa yana tambaya ko wani abu ya mutu. Kuma ba za a bar ni in shiga jirgin sama da ita ba. In mayar wa Inna?"

"Ka mayar da kyauta? To ka haɗa da Chizuru ka mayar gaba ɗaya."

"To yaya zan yi?"

Na ci gaba da yanka awarata. Na ce, "Oho. Amma dai gari ne babba. Abu yakan ɓace."

Na ga idonsa ya yi haske. Kayya, bawan Allah! A garin da na taɓa yar da safar hannu ƙwaya ɗaya na dawo bayan mako na tarar an rataye ta a kan shinge, an sa mata leda don kada ruwa ya jiƙa ta. Na san sarai abin da zai faru, kuma na ƙosa in gani.

Da farko kwandon shara ya nema. Ya yi yawo har ƙafarsa ta yi bororo bai ga ko ɗaya ba.

"Wane irin gari ne wannan? Titi fes, amma ba inda ake zuba shara! Ina kuke kai ta?"

"Gida. A aljihu."

Washegari da safe ya ga inda 'yan unguwa ke tara buhunan shararsu, ya lallaɓa ya ajiye tukunyar a tsakiya. Bai kai kwanar layin ba wani tsoho mai tsintsiya ya sha gabansa, rungume da ita. Ya yi masa bayani cikin ladabi cewa yau ranar sharar ƙonawa ce, tukwane sai ƙarshen wata, kuma dole a juye dusar a wanke tukunyar tukuna. Sannan ya ɗaga murfin ya shinshina, ya ce wannan ai dukiya ce, ya tabbata kuskure aka yi.

Sai ya gwada jirgin ƙasa. Ya ɗora ta a kan shantar kaya, ya jira ƙofa ta kusa rufewa, ya yi wuf ya fice. Yana cikin hawa matakala yana murna, sai ya ji ana kira a baya. Wani mutum ne cikin kwat, ya sauka a tashar da ba tasa ba, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya miƙa masa tukunyar da hannu biyu, har yana neman gafara wai ya ɗan girgiza ta wajen gudu.

Da ya zo shagona ya ce, "Yaya, har ya makara aiki saboda ni! Na ce in saya masa shayi, ya gudu!"

Na shige bayan shago na toshe baki da tawul.

Ranar Asabar ya zo yana washe baki. Ya kai ta wani lambun shaƙatawa can wata unguwa, ya ajiye a ƙarƙashin benci, ya bi ta lunguna da gudu. Dabararsa ita ce ya yi shiru har Inna ta ba shi Chizuru, daga baya ya ce tukunya tana Beljiyam tana gaishe ta. A nan ne dariyata ta ɗan ragu, don na tambaye shi ina ƙyallen, ya ce ai yana jikinta.

Lahadi da rana muka zauna cin abinci. Joris ya sha kwat, ya lanƙwashe dogayen ƙafafunsa a kan tabarma yana ta zufa. Inna ta tambaye shi ya tukunya.

"Lafiya lau take, Inna."

Bai rufe baki ba aka buga ƙararrawar ƙofa. Na leƙa, sai ga Hamaguchi, ɗan sandan unguwarmu, ya jingine kekensa, shuɗin ƙulli a hannu. Wasa ya wuce inda na so.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Inna, "wata mata ce ta tsinta a lambu, ta kai ofishin can, suka ga sunan gida suka aiko mana. Kada ki damu, na juya miki ita da safen nan, na san ba ta son a tsallake rana. Wa ya manta da ita ne?"

Chizuru ta dafe baki. Hanya a buɗe take: ya ce mantuwa ce, kowa ya yi kamar ya yarda, haka muke yi a nan. Na yi ta ƙifta masa ido.

Sai ya matsa baya, ya kifa goshinsa a tabarma.

"Ba mantawa na yi ba, Inna. Ajiye ta na yi na gudu. Kuma ba karo na farko ba ne. Ƙarya na yi da na ce tana da daɗi. Chizuru nake so, na ji tsoro ne."

Ko kallon inda nake bai yi ba, balle ya ambaci sunana. Na rantse a lokacin na ji yaron ya shiga raina, kuma na ji tausayin ƙanwata, don na ɗauka magana ta ƙare.

Hamaguchi ya ajiye tukunyar a hankali, ya ja da baya yana rusunawa har ya fita. Inna ta kwance ƙyallen, ta ɗaga murfi, warin ya cika ɗaki. Kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce, irin wadda ban ji ta yi ba tun rasuwar Baba.

"Ƙarƙashin benci!" ta ce tana share ido. "Ai ka fi ni dabara. Ni a jirgin Kobe na bar ta, shekarar da aka kawo ni gidan nan. Kafin in iso gida ta riga ni, uwar mijina na zaune kusa da ita tana jirana. Ubansu ma ya taɓa kai ta bakin kogi, masu kamun kifi suka biyo shi da ita."

"Inna!" in ji Chizuru. "Ashe ba kya son ta?"

"So? Tun ina amarya hannuna ke wari. Da na ji baƙo yana zuba yabo, na ce yauwa, ga wanda zai fitar mini da ita daga ƙasar gaba ɗaya, inda ba ɗan sandan da zai dawo da ita a keke. Kwanakin nan barci nake har rana ta fito. Ban san haka safiya take da daɗi ba."

Ta shafa gefen tukunyar. Sannan ta harare ni, harara irin ta wadda ta san wanda ya ba da shawara, ta juya ga Joris, wanda har yanzu goshinsa ke ƙasa.

"Ɗago. Duk wanda ya shigo gidan nan sai da ya yi ƙoƙarin yar da tukunyar nan, kuma duk ta dawo masa. Ban ga dalilin da zai sa kai ka tsira ba."

Ta tura masa ita gabansa.

"Ɗan sandan nan sama-sama ya juya. Naɗe hannun rigarka, ɗana, ka zura har ƙasa."

Chizuru ta fashe da kuka. Joris ya cire kwat, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ja dogon numfashi ya riƙe, ya zura.