Fiyanon da Aka Lulluɓa da Bargo

Sau bakwai wutar lantarki ta ja Sha-Wuta, sau bakwai yana tashi ya kaɗe rigarsa. Bai taɓa shiga aji ba, amma duk rediyon da ya mutu a layin nan, a teburinsa yake farfaɗowa. Masu takarda ma sai su tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, su sha kallo.

Sai dai tsufa ya sa hannu rawa. Ran Asabar da hantsi Autarsa, wadda ke koyar da aikin lantarki a makarantar sana'a, ta zo da kwalaye uku don a kwashe shagon.

"Baba, sau biyu ka ƙona yatsa a watan nan. Ya isa haka. Dawo gida jikoki su dame ka."

"Ke da na koya wa riƙe sukudireba, yau ke ce mai kwashe ni?"

Suna cikin haka Dogo makaɗi ya shigo rungume da tsohon fiyanonsa na lantarki, mai gefen katako, wanda ya girmi Auta.

"Baba, ka cece ni," in ji Dogo. "Ina cikin kiɗa sai muryarsa ta shaƙe, ya kama gurnani. Shago uku na kai shi, kowa ya buɗe ya ce lafiyarsa ƙalau."

Auta ta kwance murfin, ta ɗora mitarta a wajen taransifoma, ta auna wutar da ke fita. Komai daidai. Ta danna, sauti garau.

"Kawu Dogo, ko dai kunnenka ne ya tsufa?"

Sha-Wuta ya yi mata dariya har da tari. Abin ya sosa mata rai.

"To Baba, in ka gano abin da mita ba ta gani ba, shago naka ne. In ka kasa, yau mu kwashe."

"Dogo, kai ne shaida."

Tsohon bai taɓa ko waya ɗaya ba. Ya mayar da murfin, ya ɗaure kusoshi tamau, ya jawo bargon da ke kan wata matacciyar talabijin ya lulluɓe bayan fiyanon, ya bar wurin dannawa kawai.

"Zazzaɓi yake yi, Baba?" in ji Auta.

"Shi nake so ya yi. Ku masu ilimi kun buɗe masa ciki, iska na shiga, yana shan sanyi, ina zai nuna ciwonsa? A rufe Dogo ke kaɗa shi. Dogo, bismilla."

Dogo ya saki yatsu. Tela ya bar kekensa ya leƙo. Mai aski ya zo da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da rabin kai. Kafin ka ce kwabo an fara taka rawa a ƙofar shago. Sha-Wuta kuwa ya kasa kunne, amma minti ashirin sun wuce fiyano ko gezau. Auta ta fara duban kwalayenta.

Can sai sautin ya langaɓe, gurnani ya taso kamar sa mai mura.

"Yauwa ɗan gari!" in ji Sha-Wuta. "Dogo, ci gaba da kaɗawa!"

Ya yaye bargo, ya buɗe murfi da sauri tun zafi bai huce ba. Ya ɗauki tsinken katako yana dungurin kayan ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan wani ɗan abu mai ƙafa uku da ke daidaita wuta. Ya danna, sauti ya dawo garau. Ya saki, gurnani. Ya danna, ya saki, ya danna, har mai aski ya riƙe ciki don dariya.

"Dalmar ƙafarsa ce ta tsage. In ya yi sanyi ta haɗe, in ya ɗau zafi ta buɗe baki. Wace mita ce za ta faɗa miki wannan?"

Ya zare fulogi, ya zuƙe ragowar wutar babbar kondensa, ma'ajiyar wuta, da ƙwan fitila, ya ɗauki ƙarfen narka dalma. Bakin ƙarfen ya kama rawa a iska. Ya dube shi, ya dubi ƙafar nan siririya kamar gashi, sannan ya miƙa wa Auta.

"Ungo. Babban likita gano ciwo yake yi, ɗinki na ƙanana ne."

Ta karɓa tana murmushi, ta narka tsohuwar dalma, ta zuba sabuwa mai sheƙi a ƙafafun uku. Aka rufe, aka sake lulluɓawa. Dogo ya yi awa guda cur yana kiɗa, gumi sharkaf, fiyano ko tari bai yi ba.

"Ka ci, Baba," in ji Auta. "Amma da sharaɗi. Duk aikin dalma ka tara mini, ina zuwa kowace Asabar."

Sha-Wuta ya gyara zama a kujerarsa, ya harɗe ƙafa.

"Aiki kike nema ke nan. To, zan duba. Ni fa ba kowa nake ɗauka ba."