Ko Satar Bai Iya Ba

A Damagaram, cikin shekarar 1957, babu wanda ya kai Alkasum na unguwar Birni cancantar a aika shi Dakar koyon aikin aboka, wato mai tsaya wa mutane a gaban shari'ar Nasara. Ya gama lekol, makarantar Nasara, da sakamako mai kyau, yana aikin rubutu a biron jastis, wato ofishin shari'a, kuma surutu a wurinsa baiwa ce. Uwarsa Hauwa ta ce tun yana goye yake musu da ita. Gwamnati ta yarda ta ɗauki nauyin karatun. Abu ɗaya ta nema: kaziye, takardar da ke shaida ba a taɓa ɗaure mutum ba.

An taɓa ɗaure Alkasum. Laifinsa satar jaki.

Jakin na Nomau ne, manomin gyaɗa a Hamdara, ɗan wan Hauwa. Ke nan taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace, waɗanda al'ada ta ɗora wa zagin juna da ɗauke wa juna kaya har sai an fansa da goro. Wata Alhamis, lokacin Alkasum bai gama lekol ba, Nomau ya ɗaure jakinsa a bakin kasuwa. Alkasum ya kwance, ya haye, ya nufi gida yana waƙa. Nomau ya biyo shi yana "Ɓarawo! Ɓarawo!", yana dariya, 'yan kasuwa na taya shi. Wani jandarma, ɗan sandan Nasara sabon zuwa daga Faransa, yana tsaye a hanya. Kalmar Hausa ɗaya ya sani, ita ce kuwa wannan.

A gaban alƙalin Nasara na lokacin aka tambayi Alkasum ko ya saci jakin. A makon nan aka koya musu yadda ake sarrafa kalmar sata a Faransanci, sai ya miƙe ya amsa laifi cikin jimla mai kyau, babu kuskure ko ɗaya. Aka kira Nomau. Ya ce, "Wannan ai ɓarawo ne tun kakanni," ya manta kakan nasu ɗaya ne. Malam Tahiru tafinta ya fassara maganar yadda take, abin da bai cika yi ba. Alkasum ya yi 'yan kwanaki a kaso, Nomau na kai masa fura yana tsokanarsa ta taga. Aka sake shi, kowa ya manta da zancen, ban da takarda.

Alƙalin yanzu, wanda Alkasum ke yi wa aiki, mutum ne mai sauƙin kai, amma ba ya gaskata abin da bai ji da kunnensa ba. Ya ce doka ta ba shi ikon goge laifin, in mai jakin ya zo kotu ya faɗa da bakinsa cewa Alkasum mutumin kirki ne. A yi kafin ƙarshen wata, don lokacin ne takardun ɗalibai za su tafi Yamai.

Da Hauwa ta ji sharaɗin, sai ta ajiye muciya. "Nomau ya yabe ka? A bainar jama'a? Ɗan nan, ka nemi wata sana'a."

Alkasum ya tafi Hamdara duk da haka. Ya tarar da Nomau a bakin gona yana tsinkar gyaɗa.

"A'a! Bawana ya zo! Jama'a, ku ɓoye jakuna!"

"Nomau, maganar gaske ta kawo ni. Dakar za ni, in zama aboka."

"Abokin wa? Wa ya rasa abokai har zai ɗauke ka?"

Alkasum ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla. Magana ɗaya ce tak: mutumin kirki ne. Da ya kai nan, Nomau ya bar dariya, abin da ya fi komai tsorata Alkasum.

"In faɗi haka mutane na ji? Ai sai a ce mun ɓata. Sai a ce babana da Gwaggo Hauwa sun yanke zumunci. Wa ka taɓa ji ya yabi taubashinsa yana da rai?" Ya karkaɗe ƙasa daga wata gyaɗa. "Zan zo dai. Ban taɓa ganin mutum na kuka cikin wandon Nasara ba."

Ranar zaman, rabin Birni ya cika kotun, ga kuma mutanen Hamdara da suka bar aikinsu don kada a ba su labari. Alkasum ya cire sabuwar hularsa don girmama shari'a, ya ajiye a kan benci. Nomau da ke wucewa zuwa wurin shaida ya ɗauka ya ɗora a kansa, ko waiwaye bai yi ba.

Alƙali ya yi tambaya, Malam Tahiru, wanda har yanzu shi ne tafinta, ya juya ta. "An ce, wannan mutumin ɓarawo ne?"

Nomau ya dubi Alkasum. Ya dubi gwaggonsa. Ya dubi mutanen Hamdara, waɗanda za su riƙa tuna masa duk abin da ya faɗa har ya tsufa. Gumi ya tsatso masa a ƙarƙashin hular da ba tasa ba.

"Ɓarawo? Ranka ya daɗe, kada ka ɓata wa ɓarayi suna. Sata sana'a ce, tana son hankali. Wane ɓarawo ne zai ɗauki jaki da rana tsaka, ran kasuwa, ya bi ta gaban jandarma yana waƙa, ya nufi gidan gwaggon mai jakin, inda ni da jakin dama can za mu yi zango? Wannan ko satar bai iya ba. Babu abin da ya iya sai surutu. In akwai garin da ake ciyar da mutum don surutu, don Allah ku kai shi, mu huta."

Malam Tahiru ya sake fassarawa yadda take, karo na biyu a rayuwarsa.

Alƙali ya shafa haɓa. Ya ce ya ji, amma mai shaida bai ce mutumin kirki ne ba.

Nan Alkasum ya miƙe, ya kira alƙali "mushe", yadda ake girmama namiji a Faransanci, ya yi aikin aboka na farko tun kafin a koya masa.

"Mushe alƙali, hular da ke kan mai shaida tawa ce. A nan ya ɗauke ta, kana kallo. In abin da na yi sata ne, to ga ɓarawo, ga kayan sata a kansa, ga shaidu cike da ɗaki, a ɗaure shi. In kuwa wannan ba sata ba ne, a wanke ni. Ba a hukunta jaki a ƙyale hula."

"Me zai sa ya mayar maka da ita?" in ji alƙali.

"Goro, mushe."

Alƙali ya buɗe babban littafinsa na doka ya duba na ɗan lokaci, mai yiwuwa don mutunci, tun da babu goro a ciki. Hauwa ba ta jira ba. Ta kwance bakin zanenta ta jefa wa Nomau goro fari. Ya cafe, ya cire hular, ya hure ta kamar ita ta ɓata masa kai, ya miƙa. Alƙali ya ɗauki alƙalami ya sa hannu, guɗar Hauwa ta hana a ji ƙarar hatimi.

Ran tafiya Nomau ne ya ɗauko akwatin Alkasum har tasha, yana gaya wa kowa cewa Damagaram ta yi asarar da ba za ta ji ba. Sai da kamyo, motar kayan da Alkasum ya hau, ya fara motsi Nomau ya ji rana na dukan tsakar kansa. Ya ɗaga ido, ga Alkasum a saman buhunan gyaɗa, da malfar Nomau a kansa, yana ɗaga masa hannu.

"Ɓarawo! Ɓarawo!" Nomau ya bi motar da gudu.

Jandarman da ke tashar ɗan Zermu ne, nan kusa da Damagaram, ya san wasan taubasai. Ko juyowa bai yi ba.