Kujera a Kan Rijiya

Iya ta jawo kujerarta ta dasa a kan murfin rijiya, ta zauna. Tun da likita ya ce ruwan ne ya taɓa ƙodar jikarta, nan ne wurin zamanta. Ta je kamfanin rinin da ke zubar da dagwalonsa a bayan unguwa, maigadi ya kore ta. Ta je ofishin ruwa da kwalba, ta dangwara wa babbansu a tebur ta ce ya sha. Bai sha ba, bai kuma zo ba.

Maƙwabta suka ce rowa ce ta kama ta da tsufa. Ruwa garau, ba wari ba kala, wa zai yarda? Ga famfo ya daɗe da ƙafewa.

Matar tela ta yi sallama, bokiti a hannu, ciki ya yi gaba.

"Iya, guga ɗaya. Ko tukunya ban ɗora ba."

"Ko rabin guga. Kunnen ƙashi gare ki, ke da mijin nan naki mai wuya kamar zare."

"To me zan sha? Mai garuwa bai leƙo ba yau."

Iya ta buɗe baki za ta ƙara, sai idonta ya sauka a ƙafafun yarinyar, sun kumbura har silifas ya nutse a ciki. Ta miƙe tana tsaki.

"Zauna nan. In kika taɓa murfin nan, sai na karya miki hannu."

Ta shiga ɗaki ta jawo jarkar da ɗanta ya kawo mata daga wurin aikinsa, ta juye a bokitin har ɗigon ƙarshe.

"Ke fa, Iya?"

"Da wata a ɗaki. Tashi ki ba ni wuri. Ki riƙa ɗora ƙafafun nan a kan matashi, sakarya."

Babu wata a ɗaki.

Da rana ta take, maƙogwaro ya bushe, Iya ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa. Ta janye murfin, ta zura guga, ta cika moɗa. Ta daɗe tana kallon ruwan.

"Ni dai na gama haihuwa," ta ce masa.

Ta sha, ta rufe, ta hau kujerarta.